Dokar da ta ɗaure iyaye da hedimasta, ta saki gwamnati

A ranar 30 ga Satumba, 1999, a nan birnin Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na ƙasa, wanda kowa ke kira UBE, aka yi wa kowane yaro a Najeriya alkawarin karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Sai da aka yi kusan shekara biyar kafin shirin ya samu dokarsa a 2004. Yaran da aka kai aji ɗaya a shekarar da aka yi wancan biki yau sun haura shekara talatin, da yawansu su ne iyayen ɗaliban da muke koyarwa, kuma har yanzu maganar da ake yi a majalisu da gidajen rediyo ita ce wadda aka yi a wancan lokaci: a ƙara wa ilimi kaso a kasafin kuɗi, a hukunta iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta. A matsayina na malamin aji, ina ganin duka biyun sun kauce wa inda ciwon yake. Dokokinmu sun faɗi hukuncin uba da na hedimasta dalla-dalla, har da adadin tara da watannin gidan yari, amma da suka zo kan wanda ya kamata ya biya malami, ya sayi alli, ya gyara rufin aji, sai suka yi sassauci, suka bar abin ga ganin dama.

Duk wanda ya karanta dokar 2004 zai ga haka da idonsa. Sashe na 2 ya ce wajibi ne kowace gwamnati a Najeriya ta samar da ilimin bai-ɗaya kyauta, wajibi ne kuma kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya shiga ya kuma kammala. Uban da ya ƙi, a karon farko kotu za ta ja masa kunne, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari ko duka biyun, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Sashe na 3 ya juya kan mu ma'aikatan makaranta, ya ce wanda ya karɓi kuɗi a hannun ɗalibi zai iya biyan tarar da ta kai naira 10,000 ko ya yi wata uku a tsare. Dokar ta ma lissafa abubuwan da za a bayar kyauta: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da tebura, har da abincin rana. To, idan gwamnati ce ta gaza kawo waɗannan abubuwa fa? Babu sashe ɗaya da ya faɗi abin da zai sami kwamishina, ko shugaban hukumar ilimi, ko shugaban ƙaramar hukuma. A 2023 an gabatar da ƙudurin gyara a Majalisar Dattawa, kuma abin da ya fi jan hankali a cikinsa shi ne ɗaga tarar iyaye zuwa naira 50,000, wato an sake komawa kan wanda dama dokar ta riga ta ɗaure.

Wannan sassauci ya samo asali ne daga tsarin mulki. Sashe na 18 na kundin 1999 ya yi maganar ilimi kyauta, amma ya rataya shi da sharaɗin cewa sai lokacin da hali ya yi, sannan yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. An samu hukunce-hukuncen da suka yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. Kotun ECOWAS ta yanke a 2010 cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Najeriya zai iya nema a gaban shari'a, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ita ma ta ce a 2017 tunda an yi dokar 2004, karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da kotu za ta iya tilastawa. Hukunce-hukunce ne masu kyau, sai dai manomin da ke Gada ko Kebbe, wanda makarantar ƙauyensu ke da malami ɗaya ko biyu, ba shi da lauya, ba shi da kuɗin mota zuwa kotu, kuma bai ma san an yanke su ba.

Batun kuɗi kuwa sai an bi shi a hankali, domin a nan ne mafi yawan masu muhawara suke ruɗewa. Dokar ta ce gwamnatin tarayya za ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigarta ba, ta miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC. Rabin wannan kuɗi ana raba wa jihohi ne a matsayin tallafin haɗin gwiwa, wanda jiha ba za ta taɓa shi ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi. Sauran rabin ana kasa shi ne tsakanin kayan koyarwa, horar da malamai, rage giɓin ilimi tsakanin yankuna, ilimin masu buƙata ta musamman da sa ido. Shekara da shekaru ana jin labarin biliyoyin naira da ke kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su biya nasu kason ba, kuma wannan abin kunya ne da ya cancanci duk surutun da ake yi a kai. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: ko da jiha ta biya kasonta a kan lokaci, ta karɓo kuɗin gaba ɗaya, babu ko kwabo a ciki da za a biya albashin malami da shi. Kuɗin gini ne, da gyaran azuzuwa, da kujeru, da rijiyoyin burtsatse, da bayan gida. Shi ya sa za ka tarar da sabon gini mai fenti a bakin hanya, an rubuta shekarar kwangila a jikin bango, ka leƙa ciki ka ga aji uku an haɗa su wuri ɗaya saboda malamin ɗaya ne. An sayi sirdi da linzami masu kyau, dokin kuwa ba a tanadar masa harawa ba.

Albashin malamin firamare yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi. A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Ma'ana, matakin da ya fi kowa ƙarancin kuɗi da ƙarancin iko shi aka ɗora wa nauyin da ya fi kowane tsada a harkar ilimi, domin gini sau ɗaya ake yin sa, albashi kuwa kowane wata ne har ranar ritaya, bayan ritaya kuma ga fansho da giratuti. Tsarin da aka saba da shi shi ne a cire kuɗin malamai daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya kafa, a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta biya. Wannan ya jefa malamin firamare a tsaka mai wuya. Idan ya nemi ƙarin girma ko ariyas, ƙaramar hukuma ta ce kuɗinta na hannun jiha, jiha kuma ta ce shi ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Duk lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi, daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, a jihohi da dama malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne na ƙarshe da ƙarin ke isa gare su, wani lokaci ma sai a ba su wani ɓangare a ce su yi haƙuri.

Tsofaffin malamai da suka yi aiki a farkon shekarun 1990 ba sa mantawa da abin da ya faru. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita na ɗan lokaci. A 1991 aka rushe hukumar, aka miƙa makarantun firamare kacokan ga ƙananan hukumomi, kafin a ankara malamai sun yi watanni ba albashi a sassa da dama na ƙasar, yajin aiki ya yawaita, waɗanda suka samu wata hanyar abinci suka bar allo. Sai a 1993 aka dawo da hukumar. Saboda wannan tarihi ne, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, jama'a suna murna amma malaman firamare gabansu yana faɗuwa. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa ba ta adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, abin da take nema shi ne a fitar da albashin malamai tun daga tushe kafin kuɗin ya shiga hannun kowane ciyaman. Kuma ba tsoron banza ba ne, domin a 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin yankin ba su biya su sabon albashi ba. Idan haka ta faru a Abuja, ya kamata mu a Sakkwato, mai ƙananan hukumomi 23 da mafi yawansu ba su da wani kuɗin shiga na kirki ban da abin da ke zuwa daga asusun tarayya, mu zauna mu tsara wannan al'amari a dokar jiha tun kafin ya zo mana ba shiri.

Sai maganar kaso, wadda ita ce abincin 'yan siyasa da masu fafutuka baki ɗaya. Kullum ana cewa UNESCO ta umarci a ware wa ilimi kashi 26 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na ƙarfin tattalin arziƙin ƙasa. Amma ko da 26 ɗin ce, adadin da gwamna ya karanta a zauren majalisa a watan Disamba alkawari ne kawai. Tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka saki akwai rata, tsakanin abin da aka saki da abin da ya iso ƙofar makaranta akwai wata ratar. Sannan kalmar ilimi a kasafin jiha rumbu ce da aka zuba komai a ciki: jami'ar jiha, kwalejoji, tallafin karatu na gida da waje, kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, ciyar da 'yan makarantun kwana, da gine-ginen ma'aikatu. Duk waɗannan suna da amfani, sai dai yaron da ke aji biyu a Tureta, wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ba zai taɓa kai wa ga ko ɗaya daga cikinsu ba idan aka bar shi haka. Manyan makarantu suna da ƙungiyoyi masu murya, suna kuma da asusun TETFund, wanda asalinsa asusun harajin ilimi ne da aka kafa a 1993 domin dukkan matakai, aka mayar da shi na manyan makarantu kaɗai a 2011. Firamare ba ta da mai yi mata wannan faɗan.

Ba za a ce Sakkwato ba ta yi yunƙuri ba. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka kafa kwamitin tuntuɓa a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka gina makarantar sakandare a Balle da ke ƙaramar hukumar Gudu, yankin da ya daɗe ba shi da babbar sakandare. A 2021 jihar ta samu dokar kare haƙƙin yara. Kafin nan, a Gagi ne Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a 2012, kuma labarin waɗannan makarantu a faɗin Arewa darasi ne a kan abin da nake faɗa: tarayya ta gina, ta miƙa wa jihohi, ba a ajiye wata doka da ta ce ga wanda zai ciyar da yaran ya kuma biya malamansu ba, da yawa daga cikinsu suka lalace. Haka ma shirin Mu Karanta, na koya wa yara karatu, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa a Sakkwato da Bauchi. Duk malamin ƙananan azuzuwa da ya yi aiki da littattafan shirin ya ga yadda yaro ke saurin kama karatu idan aka fara masa da Hausa, da littafi a hannunsa, da malamin da aka horar. Amma shiri ne mai wa'adi, kuma a 2025 an rufe ita kanta hukumar da ta kawo shi. Abin da ya yi amfani irin wannan bai kamata ya dogara da alherin baƙo ba. Kamata ya yi sake buga littattafan ya samu gurbi na dindindin a kasafin jiha.

Akwai wani ɓangare da sai wanda ke cikin makaranta yake ganinsa, shi ne kuɗin tafiyar da harkokin yau da kullum. Makaranta tana buƙatar alli, rajista, takardun jarrabawa, tsintsiya, randar ruwa, kwaɗon ƙofa, da ɗan abin da za a ba kafinta idan iskar farkon damina ta yaye kwano. Doka ta hana hedimasta karɓar ko sisi daga ɗalibi, amma ba ta ce ga adadin da za a riƙa ba shi kowane zango ba. Saboda haka ɗaya daga cikin uku yake yi: ko ya sa hannu a albashinsa, ko ya roƙi kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su yi karo-karo, ko ya karɓi naira hamsin ko ɗari na jarrabawa a ɓoye yana sane da cewa laifi ne a doka. Na ga hedimastocin kirki, masu tsoron Allah, suna rubuta tambayoyin jarrabawa a allo saboda babu kuɗin takarda, yara fiye da saba'in suna kwafa a zaune a ƙasa, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A irin wannan hali, idan uba ya ga ɗansa ya yi shekara huɗu yana zuwa yana dawowa bai iya rubuta sunansa ba, ya yanke shawarar ya tafi da shi fadama dashen albasa, ko uwa ta ɗora wa 'yarta talla, ban ce sun yi daidai ba, amma na san lissafin da suka yi. Tara ba za ta sauya wannan lissafi ba. A gabashin jihar kuwa, wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, maganar hukunta uba don bai kai ɗansa makaranta ba ba ta ma taso ba, domin shi da makarantar duk sun yi hijira.

Masu riƙe da baitulmali suna da tasu hujjar, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa akwai sunayen bogi a takardun albashi, akwai waɗanda aka ɗauka aikin koyarwa don siyasa ba tare da takardar shaidar malanta ta NCE ba, akwai malaman da suka cunkushe a makarantun cikin gari suna ƙin zuwa ƙauye, akwai kuma waɗanda sai ƙarshen wata ake ganinsu. Duk wannan gaskiya ne, mu da ke cikin aikin mun fi kowa sani, domin mu ne muke ɗaukar azuzuwan da suka bari. Amma malamin aji ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, ba shi ke sa hannu a takardar canjin wurin aiki ba, ba shi ke tsara jadawalin albashi ba. Waɗannan kurakurai ne na masu gudanarwa, kuma maganinsu shi ne doka mai haƙora a kan masu gudanarwar. Sau da yawa abin da ke biyo bayan irin wannan ƙorafi shi ne tantancewa bayan tantancewa, a tara malamai a sakatariya cikin rana da takardunsu a hannu, azuzuwa su zauna babu kowa, a ƙarshe kuma wanda ya shigar da sunan bogin yana nan a kujerarsa. Hatta dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 ko shekara 40 na aiki, wadda muka yi maraba da ita, tana riƙe tsofaffi ne kawai, ba ta kawo sababbi ba, albashi na musamman da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa malamai alkawari a ranar 5 ga Oktoba, 2020 kuwa malamin firamare bai gan shi a aljihunsa ba.

Saboda haka abin da nake fata daga Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ba sabon adadi ba ne da za a yi ta yaɗawa a rediyo. Ina fatan dokar da za ta mayar da albashin malaman firamare abin da ake fara cirewa kafin kowane kashe kuɗi, ko ta wace hanya kuɗin ƙananan hukumomi ya biyo, ta kuma ce duk ƙarin albashin da ma'aikacin jiha ya samu, malamin firamare zai same shi a wata guda da shi. Ina fatan ta ƙayyade wani adadi a kan kowane ɗalibi da za a riƙa turawa asusun makaranta kowane zango, hedimasta da shugaban kwamitin kula da makaranta su sa hannu tare, a liƙa lissafin a jikin bangon ofis yadda mai unguwa da liman da kowane uba za su iya karantawa. Alawus na zama a ƙauye shi ma ya shiga doka, tare da ɗaukar 'yan asalin yanki, musamman mata, waɗanda suka kammala Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, a tura su garuruwansu, domin akwai iyayen da ba za su bar 'ya mace ta wuce aji huɗu ba matuƙar babu malama a makarantar. Kada kuma a amince da gina sabon aji sai an nuna malamin da zai shiga cikinsa da inda albashinsa zai fito.

Abu na ƙarshe shi ne wanda dokar 2004 ta tsallake. A wajabta wa ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB su riƙa gabatar wa majalisa, duk bayan wata uku, abin da aka saki daga kasafin ilimin firamare da yawan malaman da ke kowace makaranta, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a buga shi da Hausa yadda jama'a za su gani. Jami'in da ya ƙi gabatarwa, ko ya karkatar da kuɗin makaranta zuwa wani aiki, a rubuta hukuncinsa a cikin dokar da adadi da watanni, kamar yadda aka rubuta na uba da na hedimasta.